Hamra Ta Haihu

Shafi na 11

Masu aiko min da saƙo cewa na daɗe ban sa sabon shafi ba, na gani. Hannuna ba ya sauri. Wanda ya gaji ya tafi.

Wanda bai karanta na baya ba, ga inda muke.

Ni ne Alhaji Mukhtari, dillalin shanu, a unguwar Gomari nake. Ɗana na fari, wanda ban saba kiran sunansa da bakina ba amma a nan zan rubuta, Umair, ya tafi Khaddamari da motar shanu bai dawo ba. Wasu sun ce yaran daji ne suka tare hanya. Wasu sun ce masu kaki ne suka kwashe shi da direban. Gawa dai ba mu gani ba.

Kawun matarsa Bintu ya kai maganar gaban alƙali. Alƙali ya ce ta jira shekara huɗu, in babu labari ta yi takaba, ta yi aure in tana so.

Saura wata uku wa'adin ya cika, sai ga saƙo a Fesbuk, da sunan Umair da hotonsa, a wayar 'yata Nasiha. Wai yana raye, ana tsare da shi a wurin da ba zai faɗa ba. Kira ba ya yiwuwa, sai rubutu. A lokacin ban iya karanta boko ba. Ita ke karanta min, in faɗi amsa ta rubuta.

Ranar da nake ba ku labarinta Lahadi ce. Washegari za a zauna a kotu, ni ne zan dafa Alƙur'ani in ce ɗana na raye. In na rantse, Bintu na nan da igiyar aurensa.

Bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida. Bintu ta tafi gidan kawunta tun safe. Nasiha ta kawo shayi ta ajiye, ta juya.

Na ce, "Zauna."

Ta tsaya da tire a hannu. Ban saba ce mata ta zauna ba sai in saƙo ya zo.

"Abba, akwai tukunya a wuta."

"Ta ƙone. Ina wayar?"

Ta ciro ta daga cikin hijabi. Ta zauna a bakin tabarma, rabin jikinta a ƙasa.

"Karanta min na jiya. Fara da nawa."

"Ka ce, 'Ina maka albishir, Hamra ta haihu. Maraƙi namiji.'"

"Shi ya ce me?"

"Ya ce, 'Alhamdulillahi, Abba. A shafa min kanta. Ina kewarta kamar yadda nake kewarka. Ka sa wa maraƙin suna da bakinka.'"

Ban kalli wayar ba. Idonta na kalla.

Shekara arba'in na yi a Kasuwar Shanu. Mai son sayen bijimi, bijimin yake kallo. Wanda ya riga ya san abin da ke jikin bijimin, fuskarka yake kallo, ya ga ko ka gane. In Nasiha na karanta min takardar kotu, idonta na bin layi, leɓenta na motsi kafin murya ta fito. In tana karanta saƙon yayanta, fuskata take kallo.

Na ce, "Rubuta masa yanzu."

"Me zan ce?"

"Ki ce Abba na gaisuwa."

Ta danna. Ta yunƙura za ta tashi.

"Ajiye ta nan."

"Abba?"

"Nan. A tsakaninmu. Yau tare za mu jira amsa."

Ta ajiye wayar a kan tabarma.

Muka zauna.

Jirgin soja ya tashi daga filin jirgi, ya bi ta kan gidan, kwanon rufi ya yi rawa. Ya wuce. Shayi ya huce. Ƙaurin tukunya ya fara fitowa daga kicin.

Wayar ba ta ce komai ba.

"Wani lokaci ba ya samun dama da wuri," in ji ta. "Sai masu gadi sun kauce."

"Masu gadin nan suna da kirki. Kullum sai kin shiga kicin suke kaucewa."

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Kin san inda Hamra take?"

"Tana garken Baffa, a kudu."

"Wa ya gaya miki?"

"Yaya."

"Ya yi miki ƙarya."

Ta ɗago.

"Ranar da muka koro shanu daga bayan Khaddamari muna gudu, kina makaranta a nan cikin gari. Hamra ta faɗa rami, ƙafar gaba ta karye. Shi ya raine ta tun tana maraƙa, don haka shi na miƙa wa wuƙa. Ya yanka ta da hannunsa. Bai ci naman ba. Ya ce kada a gaya wa Nasiha, da nononta ta girma, a ce tana wajen Baffa. Mu uku muka sani. Ni, da shi, da Bintu."

Na ci gaba.

"Saniyar da aka yanka shekara shida ba ta haihuwa. Wanda ya yanka ta kuma ba zai ce a shafa masa kanta ba."

Na nuna wayar.

"Wa ke rubutawa?"

Ta kau da kai, na sake tambaya.

"Ba na tambaya sau uku."

"Ni ce."

A hankali ta faɗa. Na ji.

Na san amsar tun kafin in tambaya. Shekara huɗu yaron nan bai mutu a wurina ba. A kan tabarmar nan ya mutu, ranar Lahadi bayan la'asar.

Na ce, "Wani ya sa ki?"

"A'a."

"An ba ki wani abu?"

"Wallahi ko sisi ban taɓa karɓa a wurin kowa ba."

"To don me?"

Ta taɓa wayar da yatsa.

"Da farko ba don kai na buɗe shafin ba, Abba. Don ni na buɗe."

"Ban gane ba."

"Na sa hotonsa, na sa sunansa. Na aika wa kaina saƙo. Na ce, 'Nasiha, kin ci abinci?' Sai na koma nawa shafin na amsa, na ce, 'Na ci, Yaya.'"

"Kin haukace."

"Wataƙila. Tun da Umma ta rasu babu mai yi min wannan tambayar sai shi. Da ya ɓace, babu kowa."

"Ina ciyar da ke."

"Kana ciyar da shanu ma. Su kuma kana musu magana."

Hannuna ya tashi da kansa. Ba ta kauce ba. Na mayar da shi kan gwiwata.

Ta ci gaba.

"Wata biyar ina yi ni kaɗai, babu wanda ya sani. Sai lokacin da ka daina cin abinci, kwana huɗu kana kallon bango. Na ce bari in karanta maka guda ɗaya kawai, ka ci tuwo. Ka tuna abin da ka ce in rubuta masa?"

Na tuna.

"Ka ce, 'Ɗana, ina ajiye maka gefen tabarmata.' Abba, shekarata ashirin da uku ban taɓa jin irin wannan maganar a bakinka ba. Ko shi yana nan ba ka taɓa gaya masa ba. Ni na rubuta, ni na karɓa. Na san ba ni ake nufi ba. Amma wayata ta shigo."

Na nemi magana ta ƙarshe da na yi mata wadda ba aike ba ce. Kawo ruwa. Rufe ƙofa. Ina takalmina. Na koma baya shekara ɗaya, biyu, biyar.

Ban samu ba.

Na ce, "Ni ubanki ne, abin da ke tsakaninmu daban. Rhoda fa?"

Nan ta rufe fuska.

Rhoda uwar Jonathan ce, direban motar da suka ɓace tare. A unguwar Jiddari Polo take. Ranar Talata ta zo har zaurena da rigar sanyi da ta saƙa da hannunta, ta durƙusa ta ce in samu hanyar aikawa, don Umair ya rubuto mata cewa suna ɗaki ɗaya da Jonathan, yana fama da tari. Rigar na nan rataye a ƙusar zaure. Shuɗiya ce.

"Ita ta fara rubutowa," in ji Nasiha. "Ta ga shafin. Kullum sai ta tambaya, 'Ɗana, ka ga Jonathan?' Kwana goma ban amsa ba. Ranar sha ɗaya ta ce in ya mutu a gaya mata, ta daina dafa abincin mutum biyu. Na rasa abin da zan ce. Na ce yana nan."

"Tarin fa?"

"In na ce lafiyarsa ƙalau ba za ta yarda ba."

"Su nawa ne?"

"Su wa?"

"Matan da kika gaya wa kin ga 'ya'yansu."

"Ban ƙirga ba."

"Ƙirga."

Ta motsa yatsu a kan cinyarta.

"Goma sha huɗu."

Na ce innalillahi.

"Abba, a cikin wayar ba ka jin ƙarya kake yi. Yatsa ne kawai. Ba ka ganin fuskar kowa. Kuma suna godiya. Ni Nasiha in na rubuta abu, mutum huɗu ke gani, biyu 'yan ajinmu ne na da. Yaya in ya rubuta, 'Ku sa mu a addu'a,' mutum dubu biyu ke cewa amin. Da safe in na buɗe, sai in tarar ana jirana. Ba a taɓa jirana ba."

"Ba ke ake jira ba."

"Na sani."

"Da kika ga fuskar Rhoda ranar Talata fa?"

"Na shiga bayi na yi amai. Na ce na daina. Da magariba ta sake rubutowa, ta ce rigar za ta yi masa? Na ce za ta yi."

Wani jirgin ya tashi. Muka jira ya wuce.

Na ce, "Bintu."

Ba ta ɗago ba.

"Wata biyar kina yi ke kaɗai, kika ce. Ba ki fito da shi ba sai da wa'adinta ya kusa. Ba don tuwona kaɗai ba ne."

"A'a."

"Faɗi."

"Ba'ana mai ɗinkin hula ya aiko wa kawunta. Mutumin kirki ne, kowa ya sani. In alƙali ya sallame ta, tafiya za ta yi."

"Sai me? Haƙƙinta ne."

"Sai a bar ni da kai."

Na kalli ƙofar ɗakinsu.

"Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, Abba. Ita ke min kitso. In na yi mafarkin Umma ita ke tashina. In ta tafi, gidan nan daga kiran sallah zuwa kiran sallah babu muryar mutum."

"Don haka kika ɗaure ta da gawa."

Ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi. Ban iya rarrashi ba, ba a koya min ba.

Can ta share fuska da gefen hijabi. Ta kalle ni kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ba ke ke tambaya ba."

"Tun yaushe, Abba?"

Na ce, "Sati uku."

"Sati uku. Kuma kullum bayan la'asar kana cewa, 'Duba ko ya rubuto.'"

Na ɗauki kofin shayi. Ya yi sanyi. Na ajiye.

Gaskiya ta faɗa. Na ga idonta tun sati uku, na kau da kaina. Na yanka rago na raba. Na tsaya a masallaci na ce wa jama'a ɗana na raye. A kasuwa, waɗanda suka daina kallon idona suka dawo suna miƙo hannu. Da yamma kuma akwai wanda ke ce min yana kewata. Ban so a ƙwace min ba. Alƙur'anin da zan dafa ne ya sa na aika zancen Hamra.

Ta ce, "Gobe me za ka gaya wa alƙali?"

"Ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, ko a kan akuya."

"To za su tambayi wayar wa."

"Za su tambaya."

Mu biyu mun san garin da muke. Wadda ta buɗe shafi da sunan wanda ya ɓace, tana gaya wa mutane ta san waɗanda ake tsare da su, ba gaban alƙali za ta tsaya ba. Motar masu kaki za ta zo. Za a ce ta faɗi inda ta ji, za a ce ta faɗi wa take wa aiki. In ta ce kaɗaici ne, dariya za su yi. Na riga na rasa ɗaya a hanyar da ban sani ba.

"Ka ce ba ka da lafiya," in ji ta. "Ka ce a ɗaga. Zan goge shafin yau. A hankali sai a ce ya daina rubutowa."

"Sai Bintu ta sake jiran wata shekara huɗun."

"Ko ka miƙa ni. Kai ka sani."

Sai muka ji ƙarar ƙofar zaure.

Ƙamshin turaren wuta ne ya fara shigowa. Gidan nan ya manta da wannan ƙamshin.

Bintu ce, cikin lafaya ruwan goro, wadda ban ga ta sa ba tun ranar da motar ta tafi. Ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ta saba.

"Wushe, Abba. An wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Nasiha, tukunyarki ta kama, tun daga waje ake ji." Ta yi dariya. "Me ya sami idonki? Hayaƙi?"

Nasiha ta kau da fuska.

Na ga hannayen Bintu. Lalle ne, baƙi da ja, har gwiwar hannu. Ƙafafun ma haka. Shekara huɗu ko kwalli ba ta sa.

Ta ga ina kallo, ta ja lafaya ta rufe, kunya ta kama ta.

"Abba, dama magana na zo da ita."

"Ina ji."

"Gobe ba sai ka wahala zuwa kotu ba. Na gaya wa Kawu ya janye. Ya yi faɗa, ya ce in yi tunani. Na ce na gama tunani. Na ce a ba wa Ba'ana haƙuri, Allah ya ba shi wadda ta fi ni."

"Don me?"

Ta ƙara sunkuyar da kai, amma murmushin bai ɓoyu ba.

"Ya rubuto min shekaranjiya. Ya ce ana maganar sakinsu kafin babbar Sallah. Ya ce kada in tafi." Ta gyara lafaya. "Ko bai zo da Sallah ba zan jira, Abba. Ko shekara goma ce. Tunda na san yana numfashi."

Na kalli Nasiha.

Ta girgiza min kai a hankali. Roƙo ne.

Abu ya zo min da sauƙi. Babu kotu, babu rantsuwa, babu motar da za ta zo. In na yi shiru, 'yata ta tsira, sunana ya tsira a masallaci. Abin da za a biya kawai shi ne yarinyar nan mai lalle, ta tsufa a ɗakin baya tana jiran saƙo daga kicin.

Na daɗe ina kallon wayar a kan tabarma.

Na ce, "Bintu, matso."

Ta matso.

"Hau tabarmar."

Ta yi mamaki, amma ta hau.

Na tura wayar da yatsa zuwa gaban Nasiha.

"Karanta mata na jiya."

"Abba, don Allah."

"Nawa da nasa. Kuma ki kalli wayar in kina karantawa."

"Abba, don girman Allah."

"Ba na faɗa sau uku."

Bintu ta dafa kafaɗarta. "Karanta mana, ke ma. Kullum sai kin ja min rai."

Nasiha ta ɗauki wayar da hannu biyu. Wannan karon idonta bai bar layin ba.

"Abba ya ce, 'Ina maka albishir, Hamra ta haihu.'"

Murmushin Bintu ya tsaya inda yake. Ta juyo ta kalle ni.

"Wace Hamra?"

Na ce, "Saurari amsar."

Nasiha ta ci gaba da karantawa.

"Ya ce, 'Alhamdulillahi, Abba. A shafa min kanta.'"

Bintu ta janye hannunta daga kafaɗar Nasiha.

"A'a," in ji ta. "Ni na zuba masa ruwa ya wanke wuƙar. Sati guda bai yi magana ba. Ba zai ce haka ba. Shi ba zai..."

Ta tsaya.

Ta kalli wayar. Ta kalli hannun da ke riƙe da ita. Ta kalli fuskar wadda suke kwana ɗaki ɗaya shekara huɗu.

Sannan ta fito da hannayenta daga cikin lafaya, ta buɗe su a tsakaninmu.

"Nasiha," ta ce. "Wa na yi wa lallen nan?"